Karaya Bayan Shekara 50: Ɗori Kaɗai Bai Wadatar Ba

Karaya iri biyu ce ake kawowa sashen ƙashi. Akwai wadda kowa ya ga dalilinta, kamar haɗarin mota, ko faɗowa daga kan babur, ko gini ya rufto wa mutum. Akwai kuma wadda idan aka ji yadda ta auku sai a yi mamaki. Dattijuwa ta zame a makewayi ko a bakin rijiya, ta dafa ƙasa, sai wuyan hannu ya karye. Tsoho ya miƙe daga kan tabarma, ya yi tuntuɓe da buta, ya faɗi ta gefe, shi ke nan ya kasa tashi, a zo asibiti a ɗauki hoto a ga ƙashin kwatangwalo ya rabu. Irin faɗuwar nan ce da yaro ɗan shekara 10 zai yi sau biyar a wuni, ya tashi ya kaɗe rigarsa ya ci gaba da wasa.

A wurin likitoci, duk wanda ya haura shekara 50 ya karye saboda faɗuwa daga tsaye, ko daga abin da bai kai tsayinsa ba, to ba faɗuwar ce kaɗai ta karya shi ba. Ƙashin ne da ma ya riga ya yi rauni, faɗuwar tona asiri kawai ta yi. Abin da aka saba shi ne a ɗora ƙashin, a gida ko a asibiti, ya haɗe, a yi barka, kowa ya kama gabansa. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: me ya raunana ƙashin tun farko? Amsar takan zama ɗaya daga cikin biyu. Mafi yawan lokaci cutar rarakewar ƙashi ce, wadda likitoci ke kira ostiyoforosis. Wani lokaci kuma, musamman ga mata, ciwon daji ne ya taso daga mama ya sauka a ƙashi.

Yadda ƙashi ke rarakewa

Mutane da yawa na ɗaukar ƙashi kamar dutse ko busasshen icce, wato da zarar ya gama girma shi ke nan. Ba haka abin yake ba. Ƙashi abu ne mai rai, kuma kullum cikin gyara yake. Akwai ƙwayoyin halitta masu rushe tsohon ƙashi, akwai masu gina sabo a gurbinsa. Lokacin ƙuruciya magina sun fi yawan aiki, har zuwa wajen shekara 30 inda ƙashi ke kai matuƙar ƙwarinsa. Daga nan sai a yi kunnen doki na wasu shekaru, sannan masu rushewa su fara rinjaye.

Ga mata akwai wani sinadari a jiki mai suna istirojin, wanda shi ne ke taka wa masu rushewar burki. Idan jinin al'ada ya ɗauke, sinadarin sai ya yi ƙasa ƙwarai, kuma a shekarun farko bayan haka mace kan iya rasa wajen kashi 2 cikin 100 na ƙwarin ƙashinta kowace shekara. Ba ta jin zafi, ba ta ganin kumburi. Misalin abin kamar azara ce da gara ta ci ta ciki: daga waje lafiya lau, sai ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi rufin ya rufta. Gidauniyar Yaƙi da Rarakewar Ƙashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa mace 1 cikin 3, da namiji 1 cikin 5, daga cikin waɗanda suka haura shekara 50, za su gamu da irin wannan karaya a sauran rayuwarsu.

An daɗe ana cewa wannan cutar Turawa ce, baƙar fata ba ruwansa da ita. Gaskiya ne binciken da aka yi a da ya nuna karayar kwatangwalo ba ta da yawa a Afirka kamar a Turai, amma a wancan zamani waɗanda ke kaiwa shekara 70 ba su da yawa, kuma tsohon da ya karye a ƙauye ba ya shiga lissafin kowane asibiti. Binciken da aka yi daga baya a ƙasashe irin su Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Gambiya ya nuna cutar tana nan tare da mu. Haka kuma abincinmu ba ya taimakawa. A 1999 likitocin da suka yi aiki a Jos sun wallafa sakamakon bincike kan yara masu gwame da sauran lanƙwasar ƙafa, inda suka gano sinadarin kalsiyam da yaran ke samu daga abinci bai wuce wajen miligiram 200 a rana ba. Babban mutum kuwa yana bukatar 1,000 zuwa 1,200. Tukunyar da yaro ke ci ai ita ce uwarsa da kakarsa ke ci.

Akwai abubuwan da ke gaggauta rarakewar. Ɗaukewar al'ada da wuri, kafin shekara 45, ko cire ƙwan mace ta hanyar tiyata. Rama mai yawa, shan taba da barasa, doguwar jinya a kwance, da zaman ɗaki ba tare da rana ta taɓa fata ba, domin da hasken rana jiki ke haɗa bitamin D wanda ke taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam. Idan mahaifiya ko mahaifin mutum ya taɓa karyewa a kwatangwalo, shi ma yana cikin haɗari. Amma wanda ya fi damun mu a nan shi ne maganin nan dangin sitiroyid, irin su deksametason da firednisolon. Likita na rubuta su don asma ko ciwon gaɓoɓi, da ƙa'ida da lokaci. Sai dai ana sayensu barkatai a kemis don ciwon jiki, mata kuma na shan su cikin haɗin da ake kira "sha ka fashe" don su yi ƙiba. Wata 3 kacal ana sha kullum ya isa ya fara cin ƙashi. Kumatu su cika, ƙashin baya kuwa yana rarakewa. Wasu magungunan farfaɗiya da wasu na cuta mai karya garkuwar jiki su ma suna rage ƙwarin ƙashi, amma waɗannan kada wanda ya daina shan su don ya karanta wannan takarda. A dai gaya wa likita ya sa ido.

Me ya sa karayar farko take da muhimmanci?

Domin ba ta cika zuwa ita kaɗai ba. Wanda ya taɓa yin irin wannan karaya, haɗarin ya sake karyewa ya kusa ninka na wanda bai taɓa ba, kuma haɗarin ya fi tsanani a cikin shekara 2 na farko. Sau da yawa wuyan hannu ke fara karyewa ana wajen shekara 55 ko 60, sai ƙashin baya ya biyo, sannan kwatangwalo. Ita kuwa karayar kwatangwalo ba abin wasa ba ce. Ko a ƙasashen da ake yin aikin tiyata cikin kwana ɗaya ko biyu, mutum 1 cikin 4 ko 5 kan rasu kafin shekara ta zagayo, yawanci saboda abubuwan da kwanciya ke jawowa: ciwon huhu, gyambon kwanciya, da daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Da yawa daga cikin waɗanda suka rayu ba sa komawa tafiya kamar da.

Karayar ƙashin baya ita ce mai ɓoyewa. Gaɓar ƙashin ba ta rabuwa biyu, lotsawa take yi, kuma kusan kashi biyu cikin uku na irinta ba a gano su a lokacin da suka auku. Mutum na iya lotsa ta wajen ɗaga bokitin ruwa ko ma tari mai ƙarfi. Ya yi ciwon baya na makonni, a ce sanyi ne, ya wuce. Sannu a hankali sai a ga Hajiya ta rankwafa, zanen da take ɗaurawa yana jan ƙasa, a ce ai tsufa ne. Duk wanda tsayinsa ya ragu da santimita 4 ko fiye daga yadda yake a ƙuruciya, ya kamata a ɗauki hoton bayansa.

Wannan sakaci ba a ƙasarmu kaɗai yake ba. An ƙiyasta cewa a duniya wajen mutum 8 cikin 10 da suka yi karayar rauni ba a binciken ƙashinsu, ba a kuma ba su maganin hana ta biyu. Likitan ƙashi ya gama nasa aiki ya sallama, likitan da ke duba hawan jinin mutum kuma bai ma san ya karye ba. Don toshe wannan kafa ne a 1999 wasu asibitocin birnin Gilasgo na ƙasar Sikotland suka fito da wani tsari mai sauƙi: aka ware ma'aikaciyar jinya wadda aikinta kawai shi ne ta bi duk wanda ya haura 50 ya zo da karaya, ta tabbata an gwada shi, an ba shi magani idan yana bukata. Ƙasashe da dama sun kwaikwayi tsarin. Inda babu shi, majinyaci da 'yan uwansa su ne za su zama wannan ma'aikaciya. Kafin a sallame ku, ku tambayi likita: "Likita, me ya sa ƙashin ya karye da ɗan wannan faɗuwa? Akwai gwajin da ya kamata a yi?"

Gwajin da ake yi

Hoton ƙashi na yau da kullum yana nuna karaya, amma ba ya nuna rarakewa sai an rasa wajen kashi 30 cikin 100 na ƙashin. Na'urar da aka ƙera don auna ƙwarin ƙashi ita ce ake kira deksa. Mutum zai kwanta a kan gado da tufafinsa, wani hannu na na'urar ya wuce ta saman ƙugu da ƙasan baya, cikin minti 10 zuwa 20 an gama. Babu allura, babu zafi, kuma hasken da take amfani da shi bai kai na hoton ƙirji ba. Sakamakon kan fito da lamba wadda ke kwatanta ƙashin mutum da na matashi lafiyayye. Bisa ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar a 1994, daga -1 zuwa sama lafiya lau ne, tsakanin -1 da -2.5 ƙashi ya fara sirancewa, daga -2.5 zuwa ƙasa kuwa cutar ta tabbata.

Na'urar ba ta da yawa a Nijeriya, kuma inda take sai an biya kuɗi. Amma rashinta ba hujja ba ce ta a zauna. Idan kwatangwalo ko ƙashin baya ne ya karye da ƙaramar faɗuwa, wannan kaɗai ya isa likita ya ɗauka cutar ce ya fara magani. Akwai kuma wani ma'aunin lissafi mai suna FRAX da Jami'ar Shefild ta Ingila ta fitar a 2008, wanda ke amfani da shekaru da nauyi da tsayi da tarihin mutum ya ƙiyasta haɗarin karaya cikin shekara 10 masu zuwa, ko da babu sakamakon deksa. Ban da wannan, likita zai nemi gwajin jini don duba kalsiyam, da lafiyar ƙoda, da yawan jini, wani lokaci da bitamin D da sinadarin maƙogwaro. Kada a ga kamar ɓarnar kuɗi ce. Da waɗannan ne ake gane ko akwai wata cuta a ɓoye, kuma da su ake sanin maganin da ƙodar mutum za ta iya ɗauka.

Magani akwai shi. Wanda aka fi bayarwa shi ne alendronet, ƙwaya ɗaya mai miligiram 70 sau ɗaya a mako. Yana da sharaɗi: a sha da safe kafin a ci komai, da cikakken kofi na ruwa zalla, ba shayi ko koko ba, sannan a zauna a miƙe ko a tsaya na minti 30 kafin a karya kumallo. Idan aka kwanta, ƙwayar kan ƙona maƙoshi. Ga mafi yawan iyayenmu, lokacin da ya fi sauƙi shi ne bayan an idar da sallar asuba, muddin ba za a koma barci ba. Wanda ba zai iya kiyaye wannan ba, akwai zoledronet da ake sa wa a ƙarin ruwa sau ɗaya a shekara. A wani babban gwaji da aka wallafa a 2007, an ba da shi ga tsofaffin da aka yi wa aikin karayar kwatangwalo, sai sabuwar karaya ta ragu da kashi 35 cikin 100, mutuwa kuma ta ragu da kashi 28. Akwai kuma allurar denosumab duk wata 6, wadda ba a dainawa kwatsam ba tare da an maye gurbinta da wani magani ba, domin ƙashin baya kan lotsa bayan an daina. Kafin a fara kowanne, a je a ga likitan haƙori a gyara abin da ke bukatar gyara.

Maganin ba ya aiki idan babu kayan gini. Nono da kindirmo da cuku su ne kan gaba, sai ƙananan kifi da ake ci har ƙaya, da riɗi, da tamba, da miyar kuka, da zogale. A riƙa fitowa tsakar gida ana shan hantsi, a riƙa tafiya da ƙafa. A gyara makewayi mai santsi, a sa fitila a hanyar fita da dare, a duba idanu, kuma kada a ji kunyar riƙe sanda.

Masu ɗorin gargajiya suna da daɗaɗɗen matsayi a cikin al'umma, kuma ba wanda zai ce ba su taɓa ɗora ƙashi ya haɗe ba. Amma hannu komai gwanintarsa ba ya ganin cikin ƙashi. Karan ɗori ba ya riƙe karayar kwatangwalo, ɗauri mai tsanani kuma kan tsayar da jini har gaɓa ta ruɓe. Uwa uba, mai ɗori ba shi da hanyar sanin ko ƙashin da yake ja yana murzawa akwai daji a cikinsa.

Idan dajin mama ne

Dajin mama shi ne ya fi kowane daji kama mata a ƙasar nan. Ƙiyasin hukumar binciken daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2022 ya nuna mata fiye da 32,000 ne suka kamu a Nijeriya a shekarar, fiye da 16,000 kuma suka rasu. Mafi yawansu sai ciwon ya yi nisa suke zuwa asibiti. Idan wannan daji zai bazu, ƙashi ne wurin da ya fi sauka: wajen mata 7 cikin 10 da ciwon ya yi wa nisa ana samunsa a ƙashinsu, musamman gadon baya, da haƙarƙari, da ƙugu, da saman cinya. Yakan zuga ƙwayoyin nan masu rushe ƙashi su yi ta ɓarna har wurin ya zama rami.

Ciwonsa yana da alama. Ba ya lafawa da hutawa, ya fi tsananta da dare, kuma kullum ƙaruwa yake. Macen da aka taɓa yi wa maganin dajin mama, ko da shekara 10 ne da suka wuce, ko wadda ke da ƙullutu a mama ta yi shiru da shi, idan ta ji irin wannan ciwo ko ta karye, lallai ta faɗa wa likitan ƙashi tarihin nan. Kunya a nan tana da tsada. Idan kuwa ciwon baya ya haɗu da mutuwar ƙafafu, ko kasa riƙe fitsari ko kasa yin sa, to a ranar za a zo asibiti, ko da tsakar dare ne, domin ƙashi ne ke danne laka, kuma awoyi kaɗan ne tsakanin tafiya da shanyewa. Yawan ƙishirwa da taurin bayan gida da ruɗewa su ma alama ce cewa kalsiyam ya malalo daga ƙashi ya cika jini. Ga maza, dajin mafitsara na yin irin wannan ɓarna, tarin fuka ma yakan ci ƙashin baya. Shi ya sa ba a yanke hukunci da ido.

Wani abin lura shi ne maganin dajin kansa yana iya raunana ƙashi. Ƙwayoyin letrozol da anastrozol da eksemesten suna aiki ne ta hanyar ƙarar da istirojin, wanda wasu nau'o'in dajin ke rayuwa da shi, ƙashi kuma ya ɗanɗana kuɗarsa. Kemo ma yakan ɗauke al'adar mace tun ba ta kai lokaci ba. Don haka wadda za ta fara waɗannan ƙwayoyi ya dace a auna ƙashinta tun farko. Akwai albishir a nan. A 2015 aka haɗa sakamakon gwaje-gwajen da aka yi kan mata 18,766, aka gano cewa ga waɗanda al'adarsu ta ɗauke, magungunan ƙashi dangin zoledronet sun rage komowar daji a ƙashi, sun kuma rage mutuwa saboda dajin daga wajen kashi 18 zuwa ƙasa da 15 cikin 100 a shekara 10.

Batun itatuwa da sassaƙe

Ba a rasa jin labari a rediyo ko a wayar hannu cewa "masana sun gano" wani ganye ko saiwa na hana dajin mama bazuwa. Yawancin labaran nan suna da tushe, amma ana yanke musu wutsiya. Alal misali, a 2012 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun ba da rahoton cewa wani sinadari mai suna honokiyol, da ake tatsa daga ɓawon itacen magnoliya wanda Sinawa suka daɗe suna magani da shi, ya rage yaɗuwar ƙwayoyin dajin mama. An samu makamancin wannan rahoto kan sinadaran da ke cikin kurkum, da habbatus sauda, da zogale. Wutsiyar da ake yankewa ita ce: a ina aka ga haka? A cikin farantin gwaji ne, inda aka zuba sinadarin kai tsaye a kan ƙwayoyin daji, ko kuma a jikin ɓeraye.

Tsakanin faranti da jikin mace akwai tafiya mai nisa. Abin da aka sha sai ya tsallake ciki, hanji ya tsotse shi, hanta ta ƙyale shi, sannan ya isa inda dajin yake da yawan da zai yi tasiri ba tare da ya kashe mai shan ba. Kurkum misali ne mai kyau: sinadarin da ake magana a kansa bai wuce kashi 2 zuwa 5 cikin 100 na garin ba, kuma ɗan abin da aka sha kusan duka fita yake bai shiga jini ba. Wasu daga cikin rahotannin da suka yi masa suna ma an janye su daga baya saboda an samu matsala a sakamakonsu. Ko a cikin magungunan daji da suka yi nasara a jikin ɓera har aka fara gwada su ga mutane, ba a samun 1 cikin 10 da ke kaiwa ga amincewa. Har yau babu wani jiƙo ko sassaƙe ko garin ganye da aka gwada ga mata masu dajin mama aka tabbatar yana hana shi bazuwa.

Wannan ba raina itatuwa ba ne. Mai karatu zai yi mamakin jin cewa wasu daga cikin allurai mafi ƙarfi da ake yi wa masu dajin mama daga itace suka fito. A 1962 aka sassaƙo ɓawon wani itace a dazukan arewa maso yammacin Amurka, cikin wani shiri da ya gwada ruwan tsirrai fiye da 100,000. Masana biyu, Monroe Wall da Mansukh Wani, suka ware sinadarin da ke cikinsa, suka bayyana siffarsa a 1971. Sai a 1994 aka amince a yi wa masu dajin mama magani da shi, wato shekara 32 bayan sassaƙar farko. Shi ne faklitaksel, wanda aka sani da Taxol, kuma ana amfani da shi a asibitocin ƙasar nan. Haka ma wata 'yar fulawa 'yar asalin tsibirin Madagaska, mai fure fari ko ruwan hoda, da ake shukawa don ado a gidaje: a shekarun 1950 likitoci a Kanada suna gwada ta don ciwon sukari suka gano tana kashe ƙwayoyin jini, daga nan aka samo dangin magungunan daji da har yau ake aiki da su. Amma duka tsirran biyu guba ne. Wanda ya dafa su ya sha ba zai warke daga daji ba, zai dai iya rasa ransa. Abin da ya mayar da su magani shi ne tacewa, da awo, da gwaji kan dubban mutane.

Babbar illar maganin gargajiya a wannan ciwo ita ce cinye lokaci. Masu bincike a Jami'ar Yale sun bi bayan majinyata a Amurka waɗanda dajinsu bai bazu ba, suka kwatanta waɗanda suka ƙi maganin asibiti suka zaɓi wasu hanyoyi da waɗanda suka karɓa. A sakamakon da suka wallafa a 2018, masu dajin mama da suka ƙi maganin asibiti haɗarin mutuwarsu ya ninka fiye da sau 5. A nan gida kuma akwai maganar da ta zauna a zukatan jama'a, wai daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, da an taɓa shi sai ya fantsama. Asalin wannan magana ba wuyar ganewa. Ana kawo mace bayan an shekara ana shafe-shafe da hayaƙi, ciwon ya riga ya kai ƙashi da huhu, a yi mata aiki ko allura, ta rasu bayan 'yan watanni, sai a ɗora wa wuƙar likita laifi. Wadda ta zo da ƙullutu kamar ƙwayar gyaɗa aka cire ta warke kuwa, ba ta yawo tana ba da labari. Ɗebo ɗan nama da allura don gwaji ba ya sa daji bazuwa, kuma shi kaɗai ne hanyar sanin nau'in dajin da maganin da zai ji. Shirin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2021 ya sa burin a kammala duk binciken cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti.

Akwai kuma masu haɗawa, suna karɓar kemo suna shan jiƙo a gida. Kurkum a miya, zogale a kwaɗo, habbatus sauda kaɗan a abinci, waɗannan ba laifi. Abin tsoro shi ne ruwan magani mai kauri a jarka wanda ba a san abin da ke ciki ba, da ƙwayoyin da aka tattara sinadarin a cikinsu da yawa. Hanta da ƙoda su ne ke tace kemo, idan jiƙo ya gajiyar da su dole a dakatar da maganin. An samu rahoton ciwon hanta daga ƙwayoyin kurkum masu ƙarfi a Italiya da Amurka. Wasu ganyayen kuma suna sa hanta ta yi saurin fitar da maganin daji kafin ya yi aiki. Har ila yau an sha kama magungunan ciwon gaɓoɓi da ake sayarwa da sunan na itatuwa alhali an zuba musu sitiroyid a ɓoye, wato mai ciwon ƙashi yana sayen abin da ke ƙara rarake masa ƙashi.

Saboda haka ranar zuwa ganin likita, a zuba duk abin da ake sha a leda a taho da shi, na kemis da na gargajiya da wanda maƙwabciya ta kawo, har da tsofaffin hotunan ƙashi da katin asibitin da aka taɓa zuwa. Likita ba zai yi faɗa ba. Da abin da ya gani a ledar ne zai san wanda za a ci gaba da shi da wanda za a ajiye kafin a fara magani.